Abin da Baya Ke Ji

A Valparaíso hanya ba ta san kwanciya ba,
ko kana hawa, ko kana gangara,
ko ka danne birki kana addu'a.
Garejin Baldomero na maƙale a kafaɗar tudun Barón
kamar gidan zanzaro a jikin bango.
Can na kai motar babana ranar Talata,
hazon teku bai gama naɗe tabarmarsa ba.

Rediyon da aka haifi motar da shi
ya shekara ashirin da shida a bakin aiki.
Maɓalli na uku ya suɗe har ya yi santsi,
tashar babana ce, ta tsofaffin waƙoƙi.
Yanzu sai tari yake,
sai ƙarar mai a cikin kasko.

Baldomero ya zura siraran ƙarafa biyu a gefensa,
ya ja, ya zagi wani da ba ya wurin,
ya sake ja.
Sai ga shi ya fito yana jan hanjinsa:
ja, rawaya, baƙa,
da wata shuɗiya da ba wanda ya san inda ta nufa.
Daga ramin kwabo ya faɗo, irin wanda aka daina karɓa,
da tsinken sakace,
da rasit ɗin mai
na shekarar da innata ke da rai.

Ya ce, "Griselda, Eleuterio fa ba ya ji.
Shekara talatin yana dukan cikin jirgi da guduma,
kunnen ya bi jiragen ya tafi.
Wa kike saya wa wannan?"
Na ce, kai dai ɗaura.

Kuɗin hayar wata ɗaya da rabi ne a kwali uku:
fuska mai haske, sifika huɗu na ƙofofi,
da wani baƙin akwati mai nauyin dutsen niƙa.
Ya nufi but da shi, na tare shi.
A'a. Ƙarƙashin kujerar mai zaman banza.

Ya kwanta rabinsa a waje, tocila a baki,
ya jawo waya mai kauri tun daga batir
ta ɓuya ƙarƙashin darduma.
Fiyus biyu suka ƙone.
Ya yanke yatsa, ya naɗe da baƙin salatif,
maganin da ya sani ke nan.

Da yamma na ɗauko tsohon.
Ya zauna, hula a gwiwa,
ya dubi fuskar mai haske ya ce, "Talabijin ce?"
Da ƙarfi yake magana yanzu,
kamar mai kira daga ƙetaren kogi.

Na tsaya a Playa Ancha, hancin mota na kallon ruwa.
Na murɗa.
Goge ya fara kuka, bai ko ƙifta ba.
Mawaƙiya ta shigo, yana ƙirga jiragen da ke jiran layi.
Na ce a raina, kuɗin haya ya faɗa teku.

Sai babbar ganga ta taso daga ƙasa.

Madubi ya ɗauki rawar sanyi.
Kwabon nan ya soma tsalle a mazubin toka.
Babana ya dafa ƙofa da tafin hannu
kamar mai taɓa goshin yaro don jin zazzaɓi,
sannan ya jingina, a hankali, duk bayansa,
ya rufe ido.
Ƙafarsa ta makara da taku ɗaya,
ta makara da rabi,
ta kama.

"Ƙara," ya ce.
Na ƙara.

Da za mu gangara ya tambayi tsohon rediyo.
Na nuna masa baya da babban yatsa.
"Kar ki yar da shi. Bai yi laifi ba,
ni na fara barinsa."

Akwai noti guda da bai ɗauru ba a ƙofarsa,
yana zuza duk sanda gangar ta buga.
Na rubuta masa a takarda: Alhamis zan mayar a gyara.
Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu.
"Bar shi," ya ce.
"Shi ma ina jin sa, a gwiwar hannu."